Gahawar da Inna Ta Ajiye wa Mudir

Aikin da ejan ɗin da ya yi mini biza ya ce zan yi a Doha shi ne kula da lambu. Ya duba takardar difilomata ta aikin gona, ya gyaɗa kai, ya ce ai irina ake nema ruwa a jallo. Lambun da na tarar shi ne banɗakunan wani dogon bene a West Bay, can hawan da in ka leƙa taga sai jiri ya ɗebe ka. Abu mai ganye guda ɗaya ne a hawan gaba ɗaya, wata fulawar roba a bakin lifta, ita ma aikina a kanta shi ne in goge mata ƙura. Ban kai ƙara wurin kowa ba, don wanda zan tuhuma ya riga ya canza lambar waya.

Ni mutumin Gembu ne, can saman tsaunin Mambila, inda gajimare kan sauko har tsakar gida ya jiƙa maka shanya ba tare da an yi ruwa ba. Babanmu ya rasu ya bar mana gonar gahawa a gangaren da ke bayan gida. Da hannunsa ya dasa ta tun kafin a haife ni, kuma tun da ya kwanta dama Inna ce ke riƙe da ita. Ita ke sassabe, ita ke tsinkar jajayen 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya ta bar ɗanyu sai sun nuna, ita ke shanya a tabarma tana korar kaji. Yayana Buba kuwa ya daɗe da fid da rai daga gahawa. Maƙwabta duk sun sare tasu sun dasa zaiti, itacen da masu katako ke rububinsa, shi ma abin da yake so ke nan. Inna kaɗai ta hana gatarinsa sauka. Ita ma kullum hujjarta raguwa take yi, domin 'yan kasuwar da ke tsallakowa daga Kamaru su kaɗai ne masu saye, kuma farashin da suka ga dama shi suke yankawa.

A ƙasan jakata akwai ƙullin ɗanyar gahawa, wadda aka shanya aka ɓare amma ba a soya ba. Inna ce ta cusa mini, ta ce in kewar gida ta dame ni in soya in sha. Ban taɓa ƙullin ba, don ɗakin da aka jibge mu a Al Asmakh ko wurin miƙe ƙafa babu, balle na suya.

Bayan wasu watanni kamfanin sharar da nake wa aiki ya tura ni wani shagon gahawa a Mushairib, in riƙa wanke kofuna ina goge ƙasa. Ranar farko na tsaya a ƙofa na saki baki. Bangon shagon cike yake da hotunan manoma, na Habasha, na Kolombiya, na ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba, kowa yana washe haƙora kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. A saman hotunan an rubuta da Turanci da Larabci cewa shagon nan ya san manomansa da suna, yana kuma riƙe da hannunsu. Na karanta, na sake karantawa. Sai aka miƙo mini tsumma aka nuna mini bayan kanta.

Mai gudanar da shagon sunansa Ziyad, amma kowa Mudir yake ce masa, wato manaja. Kafil ɗin, wato ubangidan da sunansa ke kan takarduna, kuwa ban taɓa sa shi a ido ba. Mudir saurayi ne mai gyararren gemu da zaƙin baki, ya yi karatu a Turai, yana iya tsare kwastoma da bayanin gahawa har ta huce a gabansa. Sunana Isiyaku ya yi masa nauyi a baki, sai ya mayar da ni Zak. Mai suyar gahawar kuma wani dattijon Bahabashe ne, Tesfaye, wanda kan wuni bai ce uffan ba.

Tesfaye ne ya gano ni. Ina shara a bakin sito na ga ƙwayar ɗanyar gahawa a ƙasa, na ɗauka na sa a haƙori na ciza, yadda Inna ke yi in tana son sanin ko shanya ta bushe. Ban ma san na yi ba. Da na ɗago sai na ga yana kallona.

"Gona?" ya tambaye ni da guntun Turancinsa.

"Ta mahaifiyata," na ce.

"Kawo in gani."

Washegari na kawo ƙullin. Ya soya kaɗan a ƙaramin injinsa, suka shige ɗakin ciki shi da Mudir, ni kuma na koma wanke-wankena. Can sai ga Mudir ya fito yana ɗaga hannuwa sama.

"Zak! Wallahi Najeriya ka ce? Dama Najeriya tana da gahawa? Babu mai irin wannan a Doha kaf. Yalla, kira mini Mama yanzu-yanzu."

Na kira wayar matar Yaya Buba, aka kai wa Inna. Ta gyara mayafi, ta kawo wayar dab da fuska har goshinta kawai muke gani. Mudir ya dafa ƙirji yana ta "Mama, Mama," ni kuma ina fassara. Ya ce gahawarta lamba ɗaya ce. Ya ce kada ta sayar wa kowa, duk abin da ta girbe nasa ne, ta ajiye masa. Ya ce da ƙafarsa zai hau tsaunin ya ga gonar.

Inna ta ce, "Auta, ka ce masa na ji, na kuma riƙe. Allah ya kawo shi lafiya."

Kiran bai fi ɗan lokacin shan ruwa ba. Mudir ya miƙo mini wayar ya juya ga wata kwastoma, ya manta da mu kafin madarar ta tafasa. Ni kuwa ranar ƙafata ba ta taka ƙasa ba don murna. Na san halin Inna sarai: in ta ce ta riƙe magana, to ko hannunta za a yanke ba za ta sake ta ba. A lokacin na ɗauka wannan sa'armu ce.

Ba a jima ba korona ta shigo. Aka rufe shago, aka rufe jirgin ƙasa, aka rufe masallatai. Muka koma ɗakin Al Asmakh muka zauna muna kallon juna, gado a kan gado, tawul ɗin wani a fuskar wani. Ana ta turo mana saƙo cewa a ba da tazara, mu kuwa in ka juya a barci sai ka nemi gafarar maƙwabta. Albashi ya zama sai an ga dama. Da tari ya fara zagaya ɗakin, bai tsallake ni ba.

A wurin da aka killace mu na haɗu da Sista Rahila. Ina kwance ina yi wa Inna ƙaryar lafiya ta waya, sai wata nas da ta rufe jiki ruf, ido kawai ake gani, ta tsaya a kaina har na gama.

"Kai, wannan Hausar ta saman dutse ce. Ɗan ina ne kai?"

"Gembu," na ce da ƙyar.

"Yesu! To ka gaishe ni da kyau, ni yayarka ce. Can aka binne cibiyata."

Daga ranar kullum sai ta shigo mini da kunun gyaɗa a fulas, ta ɓoye shi cikin kayan aikinta. "Shanye duka, ƙanena," take cewa. "Kada ka kuskura ka mutu mini a lokacin dutina, ba ni da lokacin rubuce-rubuce." Sai bayan wata da watanni na ga fuskarta, amma a ƙasar nan kaf ita ce mutum na farko da ya tambaye ni ko na ci abinci.

Ina murmurewa Yaya Buba ya kira, ko gaisuwar kirki babu.

"Isiyaku, wai me ka gaya wa tsohuwar nan? 'Yan Kamaru sun zo har ƙofar gida da sikelinsu, ta ce ba ta sayarwa ba ce, wai tana da mai ita."

"Yaya, mutumin ya yi magana. Korona ce ta tsayar da komai."

"Korona ce za ta ciyar da gidan? Kana can kana shan sanyin Larabawa, ka bar ni da rigima."

Inna ta karɓi wayar. Ba ta faɗin sunan Buba, ɗan fari ne. "Rabu da yayanka, Auta. Na ba mutum magana, ba zan ci amanarsa don ya yi nisa ba."

"To ina kika sa buhunan, Inna? Ga damina ta kama."

"Inda nake sa masarar iri mana. Ko ɗigon laima ba zai taɓa su ba."

A wurinmu damina doguwa ce, laima tana cin komai, har takalmi a ƙarƙashin gado sai ya yi furfura. Shi ya sa kowane ɗakin girki yake da katako a shimfiɗe can saman murhu. Duk abin da ake ji da shi can ake hawar da shi, masarar iri, wake, barkono, hayaƙi ya riƙa busar da su yana korar ƙwari. Gahawa dai ba ta taɓa kwana damina a gidanmu ba, da ta bushe ake sayar da ita. Yanzu da ta zama amanar baƙo, sai Inna ta sauke masararta ta ba ta wurin. Da na ji haka har ajiyar zuciya na yi, don a sanina babu wuri mafi daraja a gidan.

Aka buɗe gari, muka koma aiki da takunkumi a fuska, kowa yana nuna shaidar lafiyarsa ta waya a ƙofa kafin ya shiga. Na tuna wa Mudir maganar Inna. Ya ce jiragen ruwa ba sa tafiya. Da suka fara tafiya ya ce kasuwa ba ta farfaɗo ba. Da ta farfaɗo ya ce takardun shigo da kaya daga Najeriya akwai wahala, yana kan bincike. Kullum amsar ɗaya ce, "Bukra, inshallah, habibi," yana bubbuga kafaɗata. Goben Mudir ba ta taɓa wayewa ba. Can gida kuma kaka ta shigo ta wuce, wata ta sake shigowa, Inna tana tsinka tana shanyawa tana hawar da buhu kan buhu, gidan yana cin abin da nake ɗan turawa da abin da Yaya Buba ya samo.

A duk tsawon lokacin nan, mutumin da ya san manomansa da suna bai taɓa tambayata yadda muke shanya ba, balle inda muke ajiya. Ni kuma iyakata wurin wanke-wanke. Sito da ɗakin ciki ba wurin mai tsumma ba ne.

Abu ɗaya ya taɓa nema daga gare mu, shi ne hoto. Da gasar ƙwallon duniya ta ƙarato aka sake fentin shagon, ya ce in sa a ɗauki Mama a cikin gona. Matar Yaya ta ɗauke ta da atamfarta ta zuwa biki, tana riƙe da reshe ja wur da 'ya'ya. Aka wanke hoton ya kusa kai tsayin ƙofa, aka kafa shi a tsakiyar bango, a ƙasa aka rubuta Mama Hajara, Najeriya, abokiyar hulɗarmu. Alhali ko ƙwaya ɗaya ta gahawarta babu a shagon. Ni ma aka yi mini ƙarin girma daga wanke-wanke zuwa kai wa kwastomomi oda, domin Mudir ya gano amfanina. Da Turawa sun tsaya gaban hoton sai ya ƙwala mini kira, "Zak, zo nan! Ga ɗanta, a nan yake aiki tare da mu." Su dafa ƙirji, su ɗauke ni hoto, su sayi gahawar Habasha su tafi. Ni kuma in yi musu irin dariyar mutanen bango, raina yana ƙuna.

Da Inna ta ji labarin hoton kunya ta kama ta, ta ce yanzu duk maza na wucewa suna kallonta ke nan. Amma sai ta ƙara kafewa. Na ji ta daga nesa tana ce wa Yaya Buba, "Ka ji ko? Mutumin bai manta da mu ba." Sai da aka kwana biyu Yaya Buba ya tara kawunnanmu a kan maganar, aka zauna aka yanke: kakar bana ce ta ƙarshe. In Balaraben ya saya, gona ta tsaya. In aka gama tsinkar bana bai saya ba, za a sa gatari. Inna ta amince a gaban ƙannenta.

Na samu Mudir na gaya masa ba tare da kwana-kwana ba. Wannan karon ya ɗan nutsu. Ya ce a kawo masa samfur daga abin da aka ajiye, in ya yi, zai saye duka. Allah ya sa Sista Rahila za ta hutu gida kafin a hana ma'aikatan asibiti motsi saboda gasar. Ita da ko hutun bai ishe ta ba, ta ɗauki mota ta hau tsaunin nan mai karya ƙugu, ta je har gidanmu. Ta ce ta tarar da Inna ta baje gahawar a faifai tana tsince ta ƙwaya-ƙwaya, tana ware masu tabo. Ta ɗinke zaɓaɓɓun a sabon ƙyalle, ta haɗa da kwalbar zuma ta ce a kai wa Mudir, ba a aika wa babban mutum saƙo hannu rabbana.

Mudir ya karɓi zumar da murna, ya ɗanɗana a yatsa ya lumshe ido. Ƙullin kuwa ya jefa a durowa, ya ce sai ya samu sarari.

A tsakanin nan mai gidan da muke haya a Al Asmakh ya ce mu tattara, baƙin ƙwallo na zuwa. Aka kwashe mu da katifunmu zuwa bayan gari, inda sai ka yi doguwar tafiya a bas kafin ka hango benayen Doha. Mushairib ta cika maƙil. Mutanen Maroko da ganguna, na Ajantina da waƙa ba dare ba rana, ga wani mai gadi ɗan Zangon Kumasi da kullum sai ya tare ni ya tambaye ni a wane fili Najeriya za ta buga, don tsokana, alhali ya san ba mu samu shiga gasar ba. Muna tsaye daga buɗewa har rufewa, ƙafa ta kumbura, murmushi ya ƙage a fuska. Kowace safiya in dubi durowar nan, kowane yamma Inna ta tambaye ni ko ya duba.

Sai da gasar ta yi nisa, wata safiya kafin a buɗe shago, Tesfaye ya ciro ƙullin da kansa ya soya, ya ce wa Mudir yau dai a gama da yaron nan. Ranar ce ta farko da na shiga ɗakin ciki. An jera ƙananan kofuna a kan dogon tebur, an zuba garin gahawa an tsiyaya ruwan zafi. Kowa da cokalinsa a hannun dama, da wani kofin ƙarfe a hagu wanda ban san amfaninsa ba.

Mudir ya sunkuya ya shinshina, na ga gemunsa ya motsa. Ya ɗebi cokali ɗaya ya zuƙa da ƙara, fuuut, ya juya a baki, sannan ya tofar a kofin ƙarfen. A gabana. Na ji kamar fuskata ya tofa wa. Daga baya na fahimci haka suke yi wa kowace gahawa, mai kyau da marar kyau, amma a lokacin ban san haka ba.

"Hayaƙi," ya ce. "Hayaƙi da tsohon buhu. Zak, me aka yi wa gahawar nan? Ba ita na sha da farko ba."

Na yi masa bayanin katakon saman murhu, da damina, da laima. Ya zaro ido, ya yi wata 'yar dariya ya dubi Tesfaye.

"A saman wuta? Duk shekarun nan? La haula! Habibi, gahawa tana shan duk warin da ke kusa da ita. Kuma ba a ajiye ta ta shekara. Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Kai ka ce ta ajiye, Mudir."

"Na ce ta ajiye, ban ce ta yi mata banda kamar kifi ba."

Na ɗauki kofin na kai hanci. Wallahi ban ji abin da ya ji ba. Abin da na ji shi ne ɗakin girkinmu da sassafe, itace yana ƙara, Inna tana fifita wuta da murfin kwano, sanyi yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Shekaru ban ji ƙamshin gida ba sai a kofin da aka ce ya lalace. Idona ya cika, na kawar da kai don kada su gani.

Tesfaye ya ɗebi nasa cokalin ya zuƙa. Na zuba masa ido ina jiran ya tofar. Ya dube ni, ya haɗiye, ya sake ɗiba ya haɗiye.

"Tawa uwar ma can take ajiyewa," ya ce a hankali, ya ajiye cokalin.

Na tattaro sauran ƙarfina na ce wa Mudir to a bar tsohuwar. Yanzu haka ana tsinkar sabuwa. Ya faɗa mana yadda yake so a shanya a ajiye, za mu yi, ko buhu ɗaya ya saya don gonar ta tsira. Ya ce shi fa sunan shago yake karewa, ba zai iya dogara da inda ba a san ka'ida ba. Ya ce wataƙila bayan gasa, in ya samu lokaci ya je ya gani da idonsa. Na ce bayan gasa babu gonar. Ya dubi agogo.

"To a sauke hoton mahaifiyata," na ce.

"Don me? Mutane suna son ta. Talla ce ga ƙasarku, kyauta. Halas, Zak. Yalla, buɗe ƙofa, layi ya taru."

Na buɗe ƙofar. Bizata a hannunsu take, gida kuma ana jiran abin da zan turo. Ranar na wuni ina kai kofuna a ƙarƙashin hoton Inna, ban taɓa tsanar wani mahaluki kamar yadda na tsani mutumin nan da zaƙin bakinsa ba.

Da aka ba ni hutun cin abinci na zagaya bayan shago, wurin kwandunan shara, na kira gida. Ana ta buga ganga a titi, sai da na toshe kunne ɗaya. Inna tana gona, na ji kwandonta yana ƙara da ta ajiye.

"Ya duba?"

"Ya duba, Inna."

"To?"

Na gaya mata komai, hayaƙin, da daɗewar. Ban rage ba, don ba irin matar da ake yi wa rufa-rufa ba ce. Ta saurara har na gama.

"Amma dai ya sha?"

"Ya kurɓa."

"Ya kurɓa ya yi yaya?"

"Ya tofar, Inna. Amma haka suke yi wa kowace, al'adar aikinsu ce."



"Zumar fa?"

"Ya karɓa."

"Ita bai tofar ba ke nan."

Na shiga roƙonta. Na ce ta ba ni shekara ɗaya tak. Yanzu na san yadda ake ajiya, Tesfaye zai koya mini sauran, shagunan gahawa sun yi yawa a Doha, zan bi su ɗaya-ɗaya da ƙafata. Na ce zan kira Yaya in durƙusa masa, zan kira kawunnanmu. Na ce gonar Baba ce.

"Na san gonar wa ce, Auta," ta ce. "Amma shi ma yayanka magana na ba shi, a gaban mutane. Na riƙe ta baƙo shekara da shekaru, sai ta ɗana ce zan saki?"

Ta ce in koma bakin aikina kada a yi mini faɗa, ita ma za ta ƙarasa tsinka kafin rana ta yi.

'Yan Kamaru suka zo suka ɗauki sabuwar yadda suka saba. Tsofaffin buhunan kuwa suka shinshina suka yamutsa fuska, suka kwashe su a farashin da Yaya Buba ya ƙi faɗa mini. Ba wanda ya kira ni ranar da aka shiga gonar da gatari, ni ma ban tambaya ba. Gasar ta ƙare, baƙi suka watse, aka kwashe tutoci daga tituna, Mushairib ta koma shiru. Mudir ya tafi hutu Turai don ya gaji.

Wata Juma'a da hantsi, ranar hutuna, na kira gida ta bidiyo. Aka kai wa Inna wayar a ɗakin girki. Ta rame, amma muryarta tana nan yadda na san ta. Muka gaisa, ta tambayi Sista Rahila, ta tambayi dattijon da ya haɗiye, ta ce in gaishe shi da kyau. Na ce me ake dafa mana yau. Maimakon ta amsa sai ta juya wayar wajen murhu. Wuta tana ci bal-bal, tukunya tana tafasa. A gefe an tara itace, sirara masu gaɓa-gaɓa, an daddatse su daidai wa daida. Na girma ina ratsawa a tsakanin rassan gahawar nan, ko a mafarki na gan su zan gane su.

"Inna," na ce.

Ta zaro guda ɗaya ta tura a wuta, ta gyara masa zama da yatsa.

"In mudirinka ya dawo," ta ce, "ka gaya masa itacen ba ya hayaƙi ko kaɗan."